Mai Waldar da Ya Ƙi a Ɗaure Mutanensa

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙyaurensu, shi ya riga ya ɗaga nasa. Zai shigo layin da sauri, makulli a hannu tun daga kwana, yana amsa gaisuwar da ba a gama yi masa ba. Ya jawo injin walda bakin ƙofa, ya warware waya, ya jingina rodi a bango, ya shiga ciki ya fito, ya sake komawa don ya manta abin da ya shiga ɗaukowa. Shayinsa a tsaye yake sha, rabin ya huce a kan teburin aiki har ƙuda ya faɗa ciki. Akwai kujera a shagon, amma ta baƙi ce. Shekara ashirin da shida shagona na buga takardu yana kallon nasa, ban taɓa ganin ya ɗora mazaunansa a kanta ba. Shi ya sa layin ya raɗa masa Tartsatsi, sunan ya bi shi har jikokinsa suna kiransa Baba Tartsatsi a gaban idonsa.

A watan jiya ya rufe shagon, ba don ya gaji ba, ido ne ya ƙi. Sai na ce kafin wani ya kama wurin ya shafe allonsa da sabon fenti, bari in ɗaga masa hannu a gaban jama'a. Kada a ce kara nake yi masa. Mutumin nan ya hana ni jin rediyo rabin rayuwata da ƙarar injin yanka ƙarfe, kuma ko sau ɗaya bai ba ni haƙuri ba.

Aikin da yake ci da shi kowa ya sani: ƙyauren gida, ƙarafunan taga, kejin janareta. Daga safe zuwa azahar yana ƙera abin da mutane ke kulle kansu a ciki. Da la'asar ta yi sai ya tattara guntattakin da suka rage, ƙarshen rodi, yankin faranti, tsohuwar sarƙar keke, ya koma bayan shago ya shiga ƙera mutane masu gudu. Tsawonsu bai wuce ƙirjin babban mutum ba. Ga mace da goyo ta duƙa gaba, ga tsoho da sanda, ga wasu biyu sun riƙe hannu ɗaya na jan ɗaya. Babu mai fuska a cikinsu. Da wasu suka fara ƙunƙuni wai Tartsatsi ya koma ƙera gumaka, cewa ya yi su zo su nuna masa fuskar da za a bauta wa. Ya ce ba wanda ya bar mana fuskokin mutanen nan, shi kuma ba zai yi musu ƙarya ba. Bai taɓa ce musu mutum-mutumi ba, "mutanena" yake cewa.

Asalin abin daga kakarsa ne. Ita ta ba shi labarin tata kakar, baiwa ce da ta gudu daga hannun mai ita da mari a ƙafar hagu, wato zoben ƙarfen da ake ɗaure ƙafar bawa da shi. Ta yi kwanaki tana jan ƙafa a jeji har ta faɗa wani ƙauye. Maƙerin ƙauyen bai tambaye ta sunanta ba, bai tambaye ta ta wa ce ba. Ya cusa tsumma tsakanin ƙarfen da fatarta, ya yanke. Iyakar abin da ya iso ga Tartsatsi ke nan, ba sunan matar, ba na maƙerin. Abin ya tsaya masa a rai tun yana ƙarami, kuma mutum na farko da ya ƙera ita ce, ya sa mata suna Kaka.

To, ga yadda yake aikinsa, kuma a nan duk labarin yake. In ya gama ƙera mutum, sai ya sa masa zoben mari a idon sawun hagu, ya haɗe bakin zoben da walda ya rufu ruf. Sannan ya ajiye wuta, ya ɗauko zarto na hannu, ya cusa tsumma tsakanin zoben da ƙafar, ya durƙusa ya yanke, ya bar gibin da yatsa zai shige. Ba ya yarda rana ta faɗi zoben yana rufe. Na taɓa ce masa, "Maƙwabci, ba ka ganin wahalar da kai ne? Ka bar shi a buɗe tun farko mana." Ya ce, "Mai Takarda, wanda ba a ɗaure ba ai ba a ce ya kuɓuta." Na koma shagona na ci gaba da buga takardun mutane.

Akwai wata mata mai shagon wanki da guga a ƙarshen layin, Mai Wanki muke ce mata. Wata rana ta zo a gyara mata ƙarfen taga, ta leƙa bayan shago, ta tsaya a gaban wata sabuwar da ya gama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, wannan ba ta taɓa gudu ba."

Ya ɗaga gilashin walda ya ce, "Ke kuma a ina kika sani?"

"Ka sa mata takalmi. Mai gudu ba ya sa takalmi, a hannu yake riƙewa don kada a ji tafiyarsa."

A ranar muka san abin da ba mu sani ba. Ta yi shekara huɗu tana aikatau a wata ƙasa, uwar gidan ta karɓe mata fasfo ta kulle mata ƙofa, ta tagar kicin ta fita. Tartsatsi bai ce mata sannu ba, bai iya irin wannan ba. Ya ɗauki inji ya cire takalman daga ƙafar, ya manna su a hannun dama. Ta tsaya har ya gama, ta tafi ta manta da maganar taga.

Da suka kai ashirin, bayan shago ya yi musu kaɗan. Shugabar laburaren unguwa, mace mai son aikinta da son tsari, ta zo ta roƙe shi a kai su farfajiyar laburare inda jama'a za su gani. Ya yarda da sharaɗi ɗaya: ba siminti, ba walda da ƙasa, kowa ya tsaya da ƙafarsa. Dama haka yake ƙera su, yana cika ƙafar gaba da ƙarfe mai nauyi ta yadda iska ba ta kayar da su. Shekara tara suna can, yana ƙara musu 'yan'uwa har suka kai talatin da huɗu. Malamai suna kawo ɗalibai aji aji. Na ga direban babbar mota ya tsaya sayen ruwa, ya shiga farfajiyar don neman inuwa, ya fito bayan rabin awa yana share fuska da hularsa.

Sai ƙarfe ya yi daraja a wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Wata safiya aka ƙirga aka ga babu biyu. Bayan mako guda aka wayi gari babu Kaka. Katangar laburaren gajera ce, maigadin kuwa tsoho ne guda ɗaya mai ciwon gwiwa. Tartsatsi ya rufe shago ya bazama, ya bi wuraren sayen tsohon ƙarfe ɗaya bayan ɗaya a ƙafa, yana tona tsibin buhunan gwangwani da hannu. Kwana biyar bai kunna wuta ba. A rana ta biyar ya dawo ya tsaya a ƙofata, ƙura har gira, ya ce ya ga yadda suke yi, suna ɗora ƙarfe a sikeli ana ciniki a kansa. Sannan ya ce, "Sun sake sayar da ita." Saura talatin da ɗaya, kuma kowa ya san ɓarayin za su dawo.

Ana cikin haka ranar aikin idonsa ta zo. Idon dama wutar walda ta riga ta cinye shi, inuwa kawai yake gani da shi. Na hagun ne ya yi yana, kuma likita ya ce in aka cire zai gani tar. Sau biyu yana zillewa, a na uku 'yarsa ta fari, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta sa shi a mota kamar kayan wanki. Aiki ya yi kyau. Likita ya kafa doka: mako shida ba duƙawa, ba ƙura, ba rana, ba ɗaukar nauyi. 'Yar ta san halin ubanta, ta ɗauke makullin shago ta jefa a jakarta.

Ita kuwa Shugaba hankalinta bai kwanta ba. Ta ga amana ce aka bar mata, ga mai amanar a kwance. A ranar da aka yi masa aikin ta kira wani mai walda daga wata unguwa, mutumin kirki mai tsaftar aiki, ta ce ya yi mata dabarar da ba wanda zai iya ɗaukar ko ɗaya. Ya zagaya su da idon sana'a yana neman inda sarƙa za ta bi, sai ga zobe a ƙafar kowanne kamar don shi aka tanada. Ya ga akwai gibi, sarƙa za ta zame ta nan, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya toshe gibin da walda. Ya zura doguwar sarƙa ta cikin zobba talatin da ɗaya, ya ɗaure a ginshiƙin baranda da ƙaton kwaɗo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin kunyar shi ne duk mun gani. Ni da bakina na ce wa Shugaba madalla, yanzu sai mu ga ta inda ɓarawo zai bi. Ni da na sha kallonsa a durƙushe da zarto.

Rana ta goma sha ɗaya, 'yar tana wurin aiki, matarsa ta shiga wanka, Tartsatsi ya sulale. Kwana goma sha ɗaya a ɗaki ga mutumin da ba ya iya zaman minti goma, ai an yi ƙoƙari. Ya iso laburare da baƙin tabarau da filasta a gefen ido, yana sauri yana tuntuɓe. Maigadi ya ce ƙafar Tartsatsi ce ta fara gaya masa, don sarƙar ya taka ta yi ƙara. Ya sunkuya ya kama ta, ya bi ta da hannu har zuwa ƙafar tsoho mai sanda. Ya laluba zoben yana neman gibi, ya zagaya shi sau biyu da yatsa. Ya matsa ga na kusa, haka. Ya matsa ga mace mai goyo, haka.

Shugaba ta fito da fara'arta tana cewa, "Baba, ya jiki? Ai da ka aiko an zo an ɗauke ka."

Ya ce, "Wa ya kama su?"

"Ba kama su aka yi ba, Baba. Don kada a sace su ne."

"Haka shi ma mai su na farko ya ce."

Ta dubi layin mutanen nan, kowa ya duƙa gaba yana gudu, sarƙa ɗaya ta haɗa ƙafafunsu, sai a lokacin ta ga abin da ta yi. Ta dafa ginshiƙi ta ce, "Wayyo ni." Shi ko tsayawa bai yi ba, ya riga ya juya.

Shagona ya nufo, domin akwai makullinsa na biyu a aljihun teburina tun shekarun baya, abin da 'yarsa ba ta sani ba. Ya miƙo hannu. Na ce, "Maƙwabci, likita fa ya ce mako shida." Ya ce, "Mai Takarda, makulli." Na ce ya bari in kira wancan mai waldar ya zo da inji, awa ɗaya ya gama. Ya ce inji bai san zobe ba bai san ƙafa ba, ƙafar kuwa ba ta fi kaurin yatsa ba, so nake a kuɓutar da su guragu? Hannun nan yana miƙe. Na ba shi. Na sha juya abin a raina tun daga ranar, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba.

Ya ɗauko zarto da tsumma ya koma farfajiyar, ya durƙusa a tsakiyar rana, kai a ƙasa, garin ƙarfe yana tashi, gumi yana bin filastar. Na buga wa 'yarsa waya. Kafin ta sami wadda za ta riƙe mata aiki ta iso, ya yanke tara. Ta shigo da fararen kayanta, ranta a ɓace, ta tsaya a kansa.

"Baba, ido ɗaya fa ya rage maka."

Bai ɗago ba. "Kwana goma sha ɗaya suna ɗaure."

"Ƙarfe ne, Baba. Ba su san an ɗaure su ba."

"Ni na sani."

Ta sa hannu ta fizge zarton. Na zaci jifa za ta yi da shi bayan katanga. Sai ta tattare siket ta durƙusa a gaban na goma, ta ce ya nuna mata inda ake cusa tsumman, sannan ya koma inuwa ko ta kira masa motar asibiti. 'Yar gidan ce, taurin kan ba a ƙasa ta tsinta ba. Shugaba ta aika aka sayo zartuna huɗu, ta cire agogonta ta kama ɗaya. Ni ma na kama, na karya ruwan zarto biyu kafin in gama zobe ɗaya, yana daga baranda yana yi min ba'a wai hannun da ya saba da takarda. Ya kasa zama a inuwar ma, yana kai yana kawowa yana ba da umarni. Mai Wanki ta ji labari ta rufe shago ta zo, mai aski ya zo, mai burodi ya zo da garin fulawa a hannu. Kafin rana ta yi sanyi zobe na ƙarshe ya buɗe, maigadi ya naɗe sarƙar ya ja ta bayan ɗaki.

Tsugune ba ta ƙare ba. Shugaba, tafin hannunta duk bororo, ta ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe min. Amma gaya min yadda zan yi. In na bar su haka, wata safiya fili za mu tarar."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani. Wannan ne karo na farko da na ga Tartsatsi ya tsaya cak, ba motsi. Ko su zauna a ɗaure, ko su ƙare a sikeli.

Mai Wanki ce ta yi magana. Ta ce, "Ni da na fita ta taga, ba kwaɗo ne ya tsare ni ba. Wata tsohuwa ce da ban san yarenta ba ta buɗe min ƙofa, na yi wata biyu a bayan labulenta." Ta je ta rungumi mai takalmi a hannu, ta ɗaga ta da ƙyar, ta ce da yamma za ta shigar da ita shago, da safe ta fito da ita bakin ƙofa kowa ya gani. Ta kama hanya tana nishi. Mai aski ya dubi mai burodi, kowa ya zaɓi nasa. Makarantar da ke bayan laburare ta aiko da baro ta ɗauki shida. Yanzu in ka bi layinmu da safe za ka gan su a ƙofa ƙofa, duk sun fuskanci gaba, wani lokaci masu shaguna su yi musanya don kada mutum ya daɗe a wuri ɗaya. Tun daga ranar ba a sake ɗauke ko ɗaya ba.

Idon kuwa bayan kwana uku ya yi ja ya kumbura. Aka koma asibiti, aka yi ta ɗiga magani, aka sake shiga da shi ɗakin aiki, daga ƙarshe likita ya girgiza kai. Na ce taurin kai ne, har gobe ina cewa, domin da ya jira mako biyar da yanzu yana ganin jikokinsa. Na faɗa masa haka a gaban matarsa. Ya ce maƙerin da ya yanke wa Kaka mari, da an kama shi wuyansa zai bayar, shi ido kawai aka nema a wurinsa. Matar ta ce in rabu da shi, shekara arba'in tana fama.

Tartsatsi, kai ne ka ɗauki abin da ake sharewa a zubar ka tsayar da shi da ƙafarsa. Kai ne ka tuna da mutanen da ba su bar suna ba, ba su bar kabari da aka sani ba, sai jikoki irinmu da muke yawo ba mu san da ƙafar wa muka iso nan ba. Kai ne ka ga sarƙa a inda mu masu ido biyu muka ga tsaro. Tartsatsi ba ka zama, inda ka faɗa sai an ji. Mun gode maka, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka haƙurin zaman da ba ka saba ba, ya ba iyalinka haƙurin zama da kai.

Ku kuma masu karatu, ban ce kowa ya koyi walda ba. Wanda yake da tsohuwa a gida ya zauna ya tambaye ta daga ina aka fito tun tana iya faɗa, kuma abin da ya ji ya yi wani abu da shi, da allura ko alƙalami ko duk abin da hannunsa ya iya. Wanda yake kusa da mu kuwa, har yanzu akwai uku a ɗakin maigadi da ba su sami masauki ba. Ba sa ci, ba sa sha, ƙofa kawai suke nema.

Ni tsoho mai sanda na ɗauka. Ya tare min hanya, kullum sai na buge ƙauri a jikinsa in zan kunna fitila. Ƙarfe bakwai da rabi sai ka ji sandar Tartsatsi tana ƙwanƙwasa bakin kwata tun daga kwana, har yanzu da sauri, 'yarsa ta gaji ta sa masa ido. Ba ya gaishe ni. Ya tsaya a ƙofata, ya juyo da kunne.

"Ya kwana lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ba ka ɗaure shi ba?"

"Ban ɗaure shi ba."

Sai ya wuce ƙofa ta gaba.